Mahaifina ya bar mini filen 45, kamfanin inshora na so in faɗi kuɗinsu

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, ɗan kafinta. Mahaifina ya rasu bara, ya bar mini filen na katako guda 45, irin waɗanda ake fere katako da su da hannu har ya yi sumul. Guda 21 shi ya sassaƙa su da hannunsa, guda 7 ya saya sababbi daga wajen masu ƙera su, sauran 17 tsofaffi ne ƙwarai, masu fitar da ado a gefen katako, da sunaye a buge a goshinsu. Har yanzu ina aiki da wasu. Ina so in sa su a inshora saboda gobara da sata, wakilin kamfani ya ce in kawo jimillar kuɗinsu cikin mako biyu. Yayana ya ce in rubuta kuɗi mai yawa tunda babu mai iya ƙaryata ni. Wani abokin aiki kuma ya ce tsohon katako ne kawai, kada in wahalar da kaina. Ni kuwa ko nawa aka ba ni ba zan sayar da na Baba ba. Yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa ya huta, Ya sa albarka a abin da ya bari.

Ɗan'uwa, kada ka ba wakilin nan lamba ɗaya dunƙule. Kaya iri uku ne a hannunka, kowanne da hanyar kimanta shi, kuma kafin ka rubuta ko sisi akwai tambayar da shi ya kamata ya amsa maka a rubuce: idan kayan suka salwanta, da wane ma'auni za a biya ka? Ma'auni uku ne suka fi yawa a takardun inshora. Akwai kuɗin mayarwa, wato abin da za ka kashe yau ka samo makamancin abin da ka rasa. Akwai kuɗin mayarwa da aka cire wa ragin tsufa, inda ake lissafa shekarun abu a rage masa daraja kamar yadda ake yi wa firji ko janareta. Sai kuma ƙimar da aka amince a kanta tun farko, wadda kai da kamfani za ku sa hannu cewa filen kaza kuɗinsa kaza ne, in ya ƙone a biya hakan ba gardama. Na biyun shi ne babban haɗari a gare ka, domin filen mai shekara 150 idan aka bi shi da ragin tsufa sai ya tashi a kusan banza, alhali a kasuwa tsufan ma yana iya ƙara masa kuɗi. Ka nemi na ukun ga duk filen mai daraja, na farkon ga sauran. Ko inshorar gama-gari ce ko takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, wannan tambayar ba ta canzawa.

Wani abu kuma tun ba a yi nisa ba: kamfani na biyan mai kaya ne kawai. Idan an raba gado kayan sun faɗo a rabonka, ka adana takardar da ta nuna haka. Idan ba a raba ba tukuna, a sa sunan magada a yarjejeniyar.

Shawarar yayanka ba za ta kawo maka komai ba sai asara. Sai dai in an amince da ƙima tun farko, kamfani ba ya biyan lambar da ka rubuta, yana biyan asarar da ka iya tabbatarwa ne, lambar nan iyaka ce kawai da ba za a wuce ba. Za ka yi ta biyan kuɗin shekara a kan darajar da babu ita, kuma idan mai binciken asara ya gano da gangan aka kumbura, ana iya soke yarjejeniyar gaba ɗaya. Shawarar abokin aikinka ita ma tana da nata ramin. Yawancin takardun inshorar dukiya suna da sharaɗin biyan daidai gwargwado: idan kayanka sun kai 100 ka sa su a 60, sannan gobara ta ci na 50, za a ba ka 30 ne, domin kashi 60 cikin ɗari ka rufe. Mutane da yawa ba sa sanin wannan sai ranar da suka je neman diyya.

To, mu fara da guda 7 ɗin da aka saya, domin su ne masu sauƙi. Idan maƙerin yana raye kuma yana aiki, ka rubuta masa, ka tura hoto da awo, ka nemi farashinsa na yau a rubuce da kwanan wata. Akwai masu yin wannan sana'a har yanzu, irin su Matt Bickford a Amurka, da Philly Planes a Ingila, sannan kamfanin E.C. Emmerich na Jamus yana ci gaba da fitar da nasa. Rasit ɗin da mahaifinka ya karɓa shekaru goma da suka wuce hujja ce cewa kayan naku ne, amma kada ka ɗauki kuɗin da ke kansa a matsayin ƙima. Ka ɗora kuɗin aikowa, da harajin shigowa idan daga wata ƙasa za a kawo, ka kuma rubuta da wane canji ka yi lissafi da ranar da ka yi shi. Idan maƙerin ya rasu ko ya daina, lamarin ya koma na kasuwar masu tarawa, wato masu sayen tsofaffin kayan aiki don ajiya. A nan a yi hattara da abu ɗaya. James Krenov, wanda ya rasu a 2009, ya shahara da wani salon filen da ake haɗa shi da gam, ɓangare biyu na gefe a manna su a jikin na tsakiya, a gitta sanda da weji, wato ɗan katakon da ke danne ƙarfen yanka, zai tokara. Dubban mutane sun yi irinsa. Wanda ya fito daga hannunsa shi kansa kuɗinsa daban, wanda aka yi a salonsa kuwa kuɗinsa na wanda ya yi shi ne. Kada a rubuta sunan salo a gurbin sunan maƙeri.

Tsofaffin 17 su ne ke buƙatar ka zauna da kyau. Daga yadda ka siffanta su, muna kyautata zaton irin waɗanda ke zuwa biyu-biyu ne, ɗaya tafinsa, wato ƙasansa da ke gogar katako, kwarmi ne, ɗaya tafinsa doro, faɗinsu ɗaya. Cikakken jeri guda 36 ne, tagwaye 18. Rabin jeri, wanda shi aka fi samu, guda 18 ne, tagwaye 9, yawanci masu lamba 2, 4, 6 har zuwa 18. Ka jera su ka duba lambar da ke bayan kowanne. Idan rabin jeri ne, ɗaya ya ɓace maka, kuma wannan na taɓa kuɗin sosai, domin jeri cikakke daga hannun maƙeri ɗaya ya fi jimillar kuɗin ɗaiɗaikunsa, wanda aka tsinto daga maƙera daban-daban aka haɗa kuma bai kai shi ba. Ka bincika akwatunan mahaifinka da kyau kafin ka fid da rai. Sannan ka tambayi wakilin abin da takardarsu ta ce game da kayan da ke zuwa a jeri. Wasu kamfanoni idan aka sace uku cikin 18, kuɗin ukun kawai za su biya, ba ruwansu da darajar da sauran 15 suka rasa.

Sunan da ke goshi shi ne abin da masu saye ke fara dubawa. Tambarin maƙeri galibi yana gaba, sau da yawa a cikin ɗan gurbi da haruffa a tashe. Sauran sunayen da aka buga, wani kan wani, na kafintocin da suka mallake shi ne. Sunan da ke kan ƙarfen yanka kuma na maƙerin ƙarfe ne, sau da yawa daga garin Sheffield na Ingila, irin su Sorby ko Ward ko Marples, kuma ba lallai ya zama shi ya yi jikin ba. Bambancin da suna ke kawowa ba kaɗan ba ne. Kamfanoni irin su Mathieson na Glasgow, da Ohio Tool da Sandusky na Amurka, sun fitar da filen da yawan gaske a ƙarni na 19, shi ya sa na yau da kullum daga cikinsu ba su da tsada ko sun tsufa. A ɗaya ɓangaren akwai irin Cesar Chelor, bawan da maigidansa Francis Nicholson na garin Wrentham a Massachusetts ya 'yanta a wasiyyarsa a 1753, ya ci gaba da ƙera filen da sunansa. Abin da ke ɗauke da tambarinsa masu tarawa na rububinsa. Siffa ma na ba da labarin zamani: zuwa ƙarshen ƙarni na 18 tsawon irin waɗannan filen ya daidaita a wajen inci tara da rabi, don haka wanda ya kai inci goma, mai faffaɗar fira a kafaɗunsa, yana iya zama mafi tsufa, ya cancanci a nuna wa masani.

Kuɗinsu za ka samo shi ne daga abin da aka sayar, banda abin da aka sa wa farashi ana jira. Mai kaya na iya rubuta duk abin da ya ga dama a intanet, kayan ya shekara ba mai taya. Ka nemi sakamakon gwanjon kayan aiki, irin na David Stanley a Ingila ko na Brown da na Martin J. Donnelly a Amurka, da jerin abubuwan da aka riga aka sayar a shafin ciniki na eBay. Ga kowane filen ko jeri ka samo misali aƙalla uku na shekara biyu zuwa uku da suka wuce, maƙeri ɗaya, girma ɗaya, lafiya kusan ɗaya. Ka ajiye hoton kowane shafi da ranarsa. Ka tuna kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne abin da mai saye ya biya ba, akwai la'adar gidan gwanjo a sama. Tunda mayarwa kake nema, ka haɗa da la'adar da kuɗin aikowa. Idan misalan uku sun yi nisa da juna, ka ɗauki na tsakiya, ka rubuta dalili.

Lafiyar kaya kuwa a faɗe ta yadda take. Ka zare weji da ƙarfe ka duba kumatun, wato siraran gefuna biyu da ke riƙe da weji, nan ne ke fara tsagewa, saboda katako na tsukewa idan ya bushe, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa. Ka ɗora ma'auni miƙaƙƙe a tafin ka ga ko ya karkace. Ka duba bakin, wato ramin da ƙarfe ke leƙowa ta cikinsa a tafi: duk lokacin da aka fere tafi don a miƙe shi baki na ƙara faɗi, filen mai wangamemen baki kuma yana yage katako. Ka ga ko wejin na asali ne, domin wanda aka sake launinsa da yankansa sukan bambanta. Wasu ana dasa musu siririn itace mai tauri, mai ruwan ɗorawa, a wurin da ya fi cin gogayya, to ka duba ko ya fita ko ya gutsure. A ƙarfen ka nemi tsatsar da ta yi rami a bayansa kusa da kaifi, ita ce mai illa, da kuma nawa ya rage na ƙarfe mai tauri, tunda tsofaffin ƙarafa ɗan yanki ne na mai tauri aka manna a kan mai taushi a maƙera, yana ƙarewa da wasawa. Ƙananan huda masu faɗin milimita 1 zuwa 2 aikin ƙwaro ne, kuma idan garin katako mai haske na zubowa daga cikinsu, ƙwaron na nan da rai. Ka ware wannan filen nan take, ka ɗaure shi a leda ba iska, ka sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda, ka bar shi ya huce a cikin ledar kafin ka buɗe.

Muna roƙonka kada ka goge su don su yi kyau a hoto. Samfefa da banish na lalata darajar tsofaffin filen. Duhun da hannu da shekaru suka bari a jiki yana cikin abin da ake saye, kuma samfefa na shafe tambari cikin minti ɗaya. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa.

Yanzu na Baba, guda 21. Mun fahimci abin da kake nufi da ka ce ba za ka sayar ba, kuma gaskiyarka ne. Sai dai kamfanin inshora ba ya biyan wannan, babu kuma hanyar sa shi ya biya. Idan mahaifinka bai kasance yana sayar da filen da sunansa ba, babu tarihin ciniki da za a jingina da shi, kuma a kasuwar kayan hannu na biyu filen marar sanannen suna kuɗinsa kaɗan ne komai kyan aikinsa. Abin da za ka iya karewa shi ne kuɗin da ƙwararre zai caje ka ya yi maka irinsa, kuma wannan ya fi kuɗin kasuwa nesa ba kusa ba. Ka zaɓi guda uku ko huɗu da ke wakiltar sauran: ƙarami na gamawa mai tsawon inci 7 zuwa 9, matsakaici na cin katako mai wajen inci 14 zuwa 17, da dogo na miƙe gefe mai inci 22 zuwa sama. Ka tura awonsu ga maƙera biyu su ba ka farashi a rubuce. Ka gaya musu irin itacen, faɗi da kaurin ƙarfen, ko yana da murfin ƙarfe a kansa, kusurwar da ƙarfen ya kwanta, digiri 45 ne na gama-gari ko 50 ko 55 na katako mai gardama, da kuma yadda aka gina jikin. Wannan na ƙarshe yana canza kuɗi ƙwarai. Wanda aka haɗa da gam, ƙwararre kan gama shi a yini ɗaya ko biyu. Wanda aka huda daga gungume ɗaya, aka sassaƙe maƙogwaronsa da kafaɗun weji daga ciki, yana cin lokaci da kayan aiki na musamman, ga kuma itacen da sai ya yi shekaru yana bushewa.

Idan ba ka samu maƙerin da zai ba ka farashi ba, ka gina lissafin da kanka a fili: kuɗin itace, kuɗin ƙarfe sabo mai faɗi ɗaya, awannin aiki a kan ladan ƙwararren kafinta, da ɗan kaso na gam da mai da lalacewar kayan aiki. Kada ka ƙiyasta awannin da ka. Tunda kai ma kafinta ne, ka yi guda ɗaya kana duba agogo. Amma ka tambayi wakilin tun yanzu ko suna karɓar ladan aiki a kan abin da aka yi a gida, domin wasu takardun kuɗin kayan haɗi kawai suke biya. Idan haka tasu take, ka dage a kan ƙimar da aka amince tun farko, ko ka nemi wani kamfanin.

A duba itacen ma. Idan akwai wanda aka yi da dangin Dalbergia, wato itacen da ake kira rosewood, ka sani an sa kusan duk dangin a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, tun Janairun 2017, na Brazil kuwa tun 1992 yake a rukuni mafi tsanani. Lignum vitae da ake sa wa a tafi shi ma yana cikin jerin. Wasu tsofaffin filen masu tsada suna da ado na hauren giwa, wanda ƙasashe da dama suka hana cinikinsa, Birtaniya ma dokarta ta fara aiki a 2022. Abin da ba a iya sayarwa ko ƙetare iyaka da shi kimanta shi na da wuya, don haka a rubuta shi a fili, a yarda da kuɗinsa kafin wani abu ya faru.

Duk wannan ya shiga takarda ɗaya. Ka ba kowane filen lamba a ɗan kati da zare, kada ka zana ko ka ƙona lamba a jikin tsofaffin. Kowanne a ɗauke shi hoto shida: gefe biyu, tafi, goshi da tambarin a kusa, baya, sai ƙarfe da weji a zare, da ma'auni a ajiye a gefe. Tambari ya fi fitowa idan haske ya zo daga gefe. A gaban lambar ka rubuta iri, maƙeri, itace, awo, aibi, ƙima da inda ka samo ta. Ka ƙara ɗan bidiyo na inda suke a ajiye. Kwafi ɗaya ya tafi wajen kamfani a buga maka hatimin karɓa, ɗaya ya zauna a wani gini daban ko a imel ɗinka, domin takardar da ke cikin shagon tare za su ƙone. Idan binciken ya nuna akwai mai tsada a cikin tsofaffin, ka biya masanin tsofaffin kayan aiki ya rubuta rahoto da sa hannunsa. Ladansa ya zama tsayayye ko na awa, kada ya zama kaso daga ƙimar da ya faɗa, kuma kada ya kasance mai son saye ne.

Ka ce kana aiki da wasu, to ka faɗa wa kamfanin haka. Inshorar kayan gida galibi tana taƙaita ko tana cire kayan sana'a, don haka waɗanda kake neman abinci da su su shiga inshorar kayan aiki, na ajiya kuma a lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Ka karanta iyakar da aka sa wa abu guda, da kason da kai za ka ɗauka a kowace asara, domin idan kason ya fi kuɗin filen ɗaya, satar ɗaya ba za ta kawo maka komai ba. Ka tambayi ko an rufe su a hanya, a cikin mota, ko a wurin aikin wani, da irin makullin da ake buƙata, tunda sata ba tare da alamar fasawa ba sau da yawa ba a biya. Ƙwaro, gara, danshi, tsatsa da tsagewar bushewa kusan ko'ina ba sa cikin abin da ake biya, wannan kulawar taka ce: ka ɗaga su daga ƙasa, nesa da bangon da ke jiƙa da rana mai dukansu, danshin ɗaki ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 55, ka kuma sassauta wejin duk wanda zai daɗe ba a taɓa ba.

Mako biyu ba za su ishi wannan aikin ba, musamman jiran amsar maƙera. Ka kammala hotuna da jerin a makon farko, ka miƙa su da ƙiyasin wucin gadi, ka nemi a rubuta cewa za a gyara lambar idan hujjoji suka iso. Bayan nan ka sabunta ƙimar duk shekara uku, ko da wuri idan canjin kuɗi ya motsa sosai ko ka samo na 18 ɗin.